Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin inshorar lafiya kan aikin haƙorin ƙurya

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu likitocin haƙori ne da ma'aikatan jinya da ke duba masu riƙe da katinku. Ƙorafinmu a kan ƙin biyan kuɗin babban hoton X-ray na muƙamuƙi ne kafin a cire turmin ƙarshe, wanda wasu ke kira haƙorin hankali.

Baligi haƙora 32 gare shi. Huɗu daga ciki su ne waɗannan turame na can ƙuryar baki, da kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Da yake su ne 'yan auta, sau da yawa sukan tarar wuri ya cika. Sai na ƙasa ya kwanta ya tokare maƙwabcinsa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran kamar murfi. A ƙarƙashin murfin nan zaren nama da guntun abinci ke maƙalewa, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Daga nan sai kumburi da wari da mugunya, har mutum ya kasa buɗe bakin da yatsu biyu za su shiga.

Takardarku ta sa cire wannan haƙori a layi ɗaya da cire haƙorin da ke girgiɗi. Ba ɗaya ba ne. Wannan tiyata ce: a tsaga dasashi, a rage ƙashi, wani lokaci a raba haƙorin biyu ko uku kafin ya fita, sannan a ɗinke. A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa kuma akwai jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, saiwar haƙorin takan kusance ta, har ma ta jingina da ita. Ƙaramin hoton da kuka amince da shi ba kasafai yake nuna wurin duka ba, balle ga wanda bakinsa ba ya buɗuwa. In aka taɓa jijiyar, leɓe yakan mutu na makonni ko watanni, wani ma har abada. Mutum ya sha shayi yana zuba masa a riga bai sani ba. Ta yaya za ku biya kuɗin yanka ku hana kuɗin ganin inda za a yanka?

Sai jinkirin lambar izini, wadda muke jira daga gare ku kafin mu fara aiki. Kumburin turmin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya matse hanyar numfashi. Wanda ya zo da zazzaɓi, yawu ma da ƙyar yake haɗiya, ba mai jiran gobe ba ne. Masu jira kuwa kemis suke komawa, ko su ɗora aspirin a kan dasashi ya ƙone shi. Kanumfari yana lafar da zafi, amma ba ya fitar da mugunya.

Dawowa bayan aiki ma kun cire ta daga lissafi. Ana sallamar majiyyaci da umarni: ya ciji auduga minti 30, kada ya kurkure baki ko ya yi ta tofi ranar farko, ban da shan taba, washegari ya fara kurkura a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk da haka, gudan jinin da ya toshe ramin yakan fita a wajen wasu, ƙashi ya zauna a buɗe, zafi ya taso kwana 2 zuwa 4 bayan aiki har cikin kunne. Maganinsa a wanke ramin a sa masa magani, ba ƙarin ƙwaya ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne robar dare, wadda ake sa wa haƙora lokacin barci, da kuka kira kayan kwalliya. Mai damuwa yakan datse haƙora ko ya riƙa niƙa su cikin barci, galibi abokin kwana ne ke fara jin ƙarar. Ya tashi da ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi a gajiye, haƙora sun zaizaye ko sun tsage. Irin wannan ciwo ana yawan ɗora wa turmin ƙarshe laifinsa, a cire lafiyayyen haƙori, ciwo na nan. Robar da aka auna da bakin mutum ce ke kare haƙoran. Damuwa tana kuma busar da baki, alhali yawu ne ke wanke tsamin da ke cin haƙori. Shi ya sa kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, wanda buroshi ba ya iya cirewa, yake cikin magani.

Tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, jama'a ba su da zaɓi sai su dogara da irinku. Muna neman ku sa babban hoto da dawowar duba rauni cikin kuɗin tiyata, ku ba da izinin kumburi a ranar da aka nema, ku kuma mayar da robar dare da kankare haƙora cikin jerin magani. In ba mu ji daga gare ku a rubuce ba, za mu miƙa wannan takarda ga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa.

Wassalam,
Likitocin haƙori da ma'aikatan jinya masu duba 'yan inshorarku