Masu neman motar gudu a ƙasar ƙanƙara, ku fara duba taya kafin inji

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwa, musamman matasa da suka samu kansu a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe titi wata huɗu ko biyar a shekara, kuma ransu ya biya ga irin motocin nan masu gudu, 'yan gajeru masu rugugin salansa, amma mota ɗaya tal za su iya riƙewa, ita ce ta zuwa aiki ita ce ta yawon ƙarshen mako, rani da hunturu.

Kusan duk wanda ya tuntuɓe ni kan wannan batu tambayarsa ɗaya ce, wai wacce ce mai ja da ƙafa huɗu? Da ya ji an ce AWD, wato mai jan ƙafa huɗun, shi ke nan hankalinsa ya kwanta, a ganinsa ya gama da ƙanƙara. Ni ma haka na ɗauka, har sai da wata safiya a hunturuna na farko na taho gangara a hankali, wallahi gudun bai kai kilomita 30 a awa ba, danja ta nuna ja na taka birki, sai kawai na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata mota kuma tana ta tafiya abinta kamar ba da ita nake ba, na murza sitiyari ko gezau, sai da na wuce layin tsayawa da tsawon mota biyu sannan ta ga dama ta tsaya. Allah ya rufa asiri babu kowa a gaba. Motar mai jan ƙafa huɗu ce, amma tayoyin rani ne a jikinta, waɗanda ta zo da su, kuma laifin nawa ne ba na kowa ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ne wajen tashi da wajen hawa tudu. Wajen tsayawa kuwa kowace mota da tayoyi huɗu take yin birki, ko mai jan baya ce ko mai jan gaba. Har ma gara mai jan baya ta wani fannin, don tun daga tashi za ta fara wutsil-wutsil ta gaya maka akwai santsi, ita kuwa mai ƙafa huɗu za ta tashi lafiya lau ta ruɗe ka, sai ka zo tsayawa ka gane kurenka.

To kuma irin waɗannan motoci yawanci da tayoyin rani ake sayar da su, masu faɗi, masu kama kwalta idan akwai zafi. Da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robar ta fara taurin kai, idan ya kai ƙasa da sifiri sai ta koma kamar busasshiyar fata, ko babu ƙanƙara a titi ba ta kama ƙasa yadda ya kamata. Tayar hunturu robarta daban ce, tana zama da laushi a cikin sanyi, kuma an yi mata 'yan tsage-tsage ƙanana birjik da ke cizon dusar. A gefenta za ka ga tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, wannan tambarin ake nema. Rubutun M+S, wanda ke nufin laka da dusa, kaɗai bai isa ba, a Jamus ma tun Oktoban 2024 sun daina karɓarsa a matsayin tayar hunturu. A lardin Kebek na Kanada doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da tayoyin hunturu. A Finlan da Suwidin da Norwe har masu ƙusoshi ake sakawa, alhali Jamus ta hana su don suna cinye kwalta. Mutanen Finlan ɗin nan tun 1934 kamfaninsu na Nokian ya ƙera tayar hunturu ta farko, ka ga kuwa ba yau suka fara fama da abin ba.

Ba wai ina kushe jan ƙafa huɗu ba ne fa. Tun da Audi ta fito da Quattro mai jan ƙafa huɗu a 1980 ta shiga gasar tseren daji ta rinƙa barin sauran motoci a baya kan laka da ƙanƙara aka san abin ba wasa ba ne. Subaru WRX da ta fara fitowa a 1992 daga irin wannan tseren dajin ta samo asali, kuma har yau idan mutum ya ce mini yana son mota mai ƙofa huɗu, mai zafi, wadda zai tuƙa kullum, ita da Golf R ta Volkswagen da GR Corolla ta Toyota su nake fara ambata masa. Idan gidanka a kan tudu yake, ko kana fita aikin asuba kafin motocin share titi su wuce, to ka nemi irinsu, ka ƙara musu tayoyin hunturu, ka huta. Amma wanda ke cikin gari inda ake share hanya da wuri, zai iya riƙe mai jan baya irin Mazda MX-5 ko Toyota GR86 ko tagwayenta Subaru BRZ, in dai ya sa tayoyin kirki kuma ƙafarsa ba ta da nauyi a kan totur. Motocin zamani duk suna da na'urar da ke hana su juyawa idan baya ya zame, Amurka ta wajabta ta tun 2012, Tarayyar Turai kuma 2014, don Allah kar a kashe ta don burga a kan hanyar zuwa ofis.

Abin da na fi so mutane su auna kafin su biya kuɗi shi ne tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa, saboda taya kana iya canzawa gobe, wannan kuwa da shi za ka zauna. Su BRZ da WRX tazararsu ba ta wuce santimita 13 zuwa 14 ba, alhali Outback ta kamfanin Subaru ɗin dai tana da kusan 22. Dusa ta zuba santimita 20 cikin dare, bambar gabanka ta zama shebur, kana tafe kana tura ta har cikin motar ya hau kan tudun dusa tayoyi suna juyawa a iska, a nan ko ƙafa takwas take ja da su ba inda za ka. Mafi muni ma shi ne tarin da motar shara ke bari a bakin ƙofar gida, da safe ya daskare ya zama dutse, shi ke fasa wa mutane bamba. Masu rage wa mota tsawo don ado kuwa, kyan ɗan maciji ne kawai.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba, motar gudu birkinta manya ne, don haka ba kowane ƙaramin rim ke shiga ba, gashi a hunturu an fi son taya siririya a kan ƙaramin rim, don siririya tana yanka dusa ta taɓa ƙasa, mai faɗi kuwa sai ta hau kai tana iyo. Ka tambayi bakanike girman rim mafi ƙanƙanta da zai wuce birkin kafin ka sayi motar, ka kuma tanadi rim na biyu daban da wurin ajiye saiti ɗaya wata shida. Huɗu ake sakawa gaba ɗaya, masu sa biyu a gaba su bar biyu na rani a baya su ne ake gani sun juya suna kallon inda suka fito.

Gishirin da ake watsawa a titi kuma yana cin ƙarfe, in ta hannu za ka saya ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasanta ka ga tsatsa da idonka, bayan ka saya kuma ka riƙa wanke cikinta. Batir mai rauni ranar da sanyi ya fi tsanani yake mutuwa, iskar taya ma tana raguwa duk lokacin da sanyi ya ƙaru. Kujera mai ɗumi da sitiyari mai ɗumi kuwa da ina yi musu kallon gata, yanzu ko za a ba ni ƙarin ƙarfin doki hamsin a madadinsu ba zan karɓa ba.

Malam Edita, don Allah a daure a buga wannan wasiƙa kafin watan Oktoba ya wuce, domin da dusar farko ta sauka layi ake yi a wurin masu canza taya, wani sai ya jira mako biyu yana zuwa aiki da tayoyin rani. Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku a kullum