Wasiƙa zuwa ga Sani a Legas

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya su Kawu? Mu nan ƙauye damina ta zauna sosai, gero ya yi kyau, Alhamdulillahi.

Mun gama jarabawar aji ɗaya na karatun lauya a Jami'ar Bayero (BUK) na dawo gida, shine nace bari in faɗa maka yadda ake ciki kan aikin hutu. Wani lauya a Kano abokin Yaya yace in zo cembarsa in dinga ɗaukar fayil ina binsu kotu, amma ko sisi babu, kuɗin mota da abinci duk a kaina, kuma ka san wajajen Agusta babbar kotu ke tafiya hutun shekara, kenan fotokwafi kawai zan ta yi a ofis. Sai wani Alhaji a kasuwar Ringim yace in riƙe masa POS, nan kam akwai ɗan canji.

Amma abinda ya tsaya min a rai daban ne. Magatakardan kotun shari'a yace in ina so in dinga zuwa ina taya shi rubutu. Sani wallahi shari'ar mutanenmu a nan take! Rabon gado, iyakar gona, jingina, mace ta zo neman khul'i, kuma yawanci ba lauya, zaka ga tsohuwa ta tsaya gaban alƙali ita kaɗai, a yanke hukunci ta tafi gida bata ma san tana da damar ɗaukaka ƙara ba. Abin nan yana ci min rai. Mu kuma karatunmu haɗe yake, dokar Turawa da fiƙihun Malikiyya, shekara 5 kafin a tafi makarantar lauyoyi, Bagauda ko duk inda aka tura mutum, to gara tun yanzu in ga yadda ake fitar wa matar mamaci tumunin takaba a gaban magada, gona da gida da awaki, kowa na kallo.

Baba ya fi son POS ɗin, kuma da gaskiyarsa, taki yayi tsada ga kuɗin rijista na jira. Mun daidaita dai, safe kotu, bayan Azahar shago, ranar da ba zama in bi su gona. Cemba sai na gama aji uku, lokacin na san dokar kwantiragi da ta laifuka, in an yi magana zan gane.

Dan Allah in ka leƙa Ikeja ka tambayo min kuɗin laftof na hannu mai riƙe caji, wuta a nan sai a hankali. Inna na gaishe ka.

Naka,
Habu