Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke shirin barin aiki a Jidda

Maraɗi

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mu ma nan gida lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta kunna mini saƙon muryar da ka aiko ranar Juma'a, na saurare shi har sau uku, na kuma gane ka yanke shawarar barin aiki ka dawo gida. Ban ƙi ba, domin shekara tara a ƙasar wasu ba kwana tara ba ce, kuma matarka da yaranka sun fi kowa haƙƙin ganinka. Sai dai na ji kana zancen ranar tasowa da tsarabar da za ka riƙo, ban ji ka ambaci bashin da ke wuyanka ba, ban kuma ji ka faɗi abin da za ka ci ranar da ƙarfi ya ƙare ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don zancen waya iska ke tafiya da shi, takarda kuwa kana iya komawa gare ta.

Ka fara sanin cewa ba ka da fansho a Saudiyya. Hukumar inshorar ma'aikata ta can, wadda ake kira GOSI, kuɗin haɗarin aiki kawai kamfani ke zuba wa baƙo a cikinta, fanshon tsufa kuwa na 'yan ƙasa ne. A nan gida kuma, duk shekarun da ka yi a can ba a rubuta maka ko wata guda a asusun CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na Nijar, ba. Ɗan abin da nake karɓa daga wannan asusu, duk da ƙanƙantarsa, shi ke sayen gero ya biya wuta da ruwa a gidan nan, kai kuwa ba ka da irinsa. Abin da zai tsaya maka a madadinsa shi ne kuɗin sallama da kamfani zai ba ka, kuma sau ɗaya tak ake ba da shi.

Na shekara 26 ina riƙe da littafin albashi, saboda haka na zauna da takardar kwangilar da ka aiko na yi maka lissafi. Dokar aiki ta Saudiyya ta ce a ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara da ta biyo baya, kuma da albashin ƙarshe ake auna shi. Albashinka riyal 4,000 ne. Shekara biyar na farko sun ba ka 10,000, huɗu na baya sun ba ka 16,000, jimla riyal 26,000. Amma wannan cikakken rabo na wanda kwangilarsa ta ƙare ne. Wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku kawai yake samu, ka ga asararka za ta haura riyal 8,000. Saura wata huɗu kwangilarka ta cika. Ina roƙonka ka danne ɗokin gida, ka rubuta wa kamfani a kan lokaci cewa ba za ka sabunta ba, ka ajiye kwafin takardar, ka kuma ci gaba da zuwa aiki har ranar ƙarshe. Wanda ya jure shekara takwas da wata takwas ba zai gaza da wata huɗu ba.

Ranar sallama za su miƙo maka takarda ka sa hannu cewa ka karɓi duk haƙƙinka. Kada alƙalaminka ya taɓa ta sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, har da kuɗin ranakun hutun da ba ka ci ba. Ka karɓi takardar shaidar aiki, ka kuma tuna tikitin dawowa a kansu yake idan kwangila ta ƙare. Na sha ganin ma'aikaci ya sa hannu don kunya ko don sauri, daga baya ya zo ofishina yana kuka, ni kuwa ba abin da zan iya yi masa tunda ga sa hannunsa a ƙasan takarda.

Yanzu sai bashi, wanda shi ne ya hana ni barci. Ka ce saura riyal 9,000 na rancen banki da ka ci don rufin ɗakunan gidanka. Kada ka bari wani ya ce maka ka hau jirgi kawai, ba mai biyo ka Maraɗi. Bankin da albashinka ke shiga nan ne kuɗin sallamarka zai faɗa, kuma yana iya riƙe su har sai ya cire nasa, idan kuwa magana ta kai kotu ana iya hana mutum fita ƙasar. Ko da babu wannan duka, dukiyar mutane ce, kuma ka san abin da aka ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ka je bankin tun yanzu, ka tambayi nawa za su karɓa idan ka biya gaba ɗaya kafin wa'adi, ka biya, sannan kada ka fito sai da takardar da ke shaida ba sa binka ko halala ɗaya, wato kwabon can. Katin bashi, in kana da shi, a rufe shi a rubuce. Motar da ke kan sunanka ka sayar a sauya suna, ka biya tarar hanya, domin ba a kammala bizar fita ta ƙarshe da waɗannan a kan mutum, kuma idan an buga ta kwana 60 gare ka ka bar ƙasar.

Akwai bashin da ya fi na banki nauyi a wurina, shi ne riyal 2,500 da abokin zamanka na ɗaki ya ba ka lokacin da aka yi wa mahaifiyarka aikin ido. Banki yana da takarda da kotu, shi kuwa bawan Allah nan ba shi da komai sai yarda da ya yi da kai, kuma irinsa ne aka fi mantawa da shi a filin jirgi. Shi za ka fara biya, hannu da hannu, a gaban mutum biyu, ka yi masa godiya da sunana. Waɗanda kake bi kuma ka zauna da kowannensu ku rubuta adadi da lokaci, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Wanda ka san ba shi da hali, ka yafe masa tun kana can, kada ka taho da lissafin kuɗin da ba za su zo ba.

Idan ka cire 11,500 daga 26,000, saura riyal 14,500. In muka ɗauki riyal a kan sefa 150, abin bai wuce miliyan biyu da jika ɗari da saba'in da biyar ba. Ka dubi wannan adadi da kyau, Babana. A bakin mutanen unguwa kai Alhaji ne da ya dawo daga Makka da buhun kuɗi, a kan takarda kuwa ga abin da ke akwai, sai ɗan abin da ka tara a gefe. Ka turo su ta banki ko ta kamfanin aika kuɗi mai ba da rasit, zuwa asusu mai sunanka kai kaɗai, kafin a soke igamarka, wato katin izinin zamanka a can. Kada ka damƙa su ga wani matafiyi don ya yi maka alkawarin canji mai tsoka.

Idan sun iso, kada ka juya su naira don wani ɗan kasuwa ya ce kaya sun fi araha a Jibiya ko Katsina. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma ka ji yadda masu ajiya da naira a garin nan suka kwana. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma ita ma ba na ce ka jibge komai a cikinta ba. A watan Janairun 1994 ina da kuɗin injin niƙa da na shekara uku ina tarawa a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi, na je kanti na tarar kuɗina ba sa sayen injin. Har yau ina tuna yadda na komo gida da ƙunshin takardun a aljihu, na kasa gaya wa mahaifiyarka sai bayan isha'i.

Shawarata ita ce ka ware abin da zai ciyar da gidanka wata shida, don kada yunwa ta sa ka cinye jari. Mafi yawan sauran ka mayar da shi abin da ba ya narkewa kuma ba a cire shi da sauƙi, kamar fegi, amma sai ka je ma'aikatar magajin gari da ƙafarka an tabbatar maka da takardarsa, domin fegi ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ba baƙon labari ba ne a nan. Ɗan abin da ya rage ka gwada sana'a da shi kaɗan kaɗan, ko jajayen awakinmu na Maraɗi a hannun kawunka a ƙauye, ko ajiyar wake da aya daga kaka zuwa bazara. Shekara tara ba ka cikin kasuwar nan, farashi da mutane duk sun sauya, saboda haka ka shekara kana kallo kafin ka zuba kuɗi mai nauyi. In kuma ka sami aikin albashi, ka tabbata an rubuta sunanka a CNSS tun watan farko.

Abu mafi wuya shi ne dangi, kuma da kaina nake farawa. Ban ɗora maka gyaran zauren gidan nan ba, ban kuma yarda a ɗora maka auren ƙanwarka kai kaɗai ba, na riga na faɗa wa yayyenka haka. Za a zo maka da suna da biki da rashin lafiya, wasu gaskiya ne ƙwarai, kuma zumunci wajibi ne. Ka ware masa adadi sananne tun kafin ka sauka, idan ya ƙare ka ce ya ƙare, duk wanda ya matsa ka turo mini shi. Ni na san yadda zan yi magana da 'yan'uwana. Tsaraba kuma dabino da zamzam da tasbaha sun wadatar.

Ka aiko mini da hoton takardar banki da ta kamfani da zarar sun shiga hannunka, in duba lissafin kafin ka sa hannu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka yi mana addu'a a ɗawafinka na bankwana. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka