Wasiƙa zuwa ga Habu kan ƙishirwar Sani

Damagaram, tsakiyar bazara

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiya, in ban da zafi da ya sa mu gaba. Kwana uku ke nan famfon unguwarmu bai kawo ba, 'yan ga-ruwa muke jira tun asuba.

Tun da na karanta saƙonka hankalina yake kan Sani. Ka ce yaron ba ya rabuwa da moɗa, dare ɗaya sai ya tashi fitsari sau biyar ko shida, fitsarin fari tas kamar ruwan randa, an kuma auna sukari sau biyu ba a ga komai ba. Sannan ka ce kakarsa ta ba da shawara a riƙa ɓoye masa ruwa da yamma. Don Allah, Habu, kada a yi haka. Hukunci na likita ne, amma bari in gaya maka abin da nake koya wa ɗalibaina, ka ga dalilin tsorona.

Ƙodar babban mutum tana tace ruwa kamar lita 180 daga jini kowace rana, wato jarka 9 mai cin lita 20. Abin da ke fita fitsari kuwa kusan lita ɗaya da rabi ne. Sauran duk jiki yake mayarwa. To ta ina yake bi? Kowace ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da irinsa, har da ƙoda, tantani ne mai maiƙo ya lulluɓe ta, kuma ka san ruwa da mai ba su shiri. Sai Allah ya sanya wasu furotin a jikin tantanin masu rami a tsakiya, ruwa na bi ɗaya bayan ɗaya, gishiri kuwa ba ya samun hanya. Sunansu akwaforin. Wani likitan Amurka, Peter Agre na jami'ar Johns Hopkins, ya ci karo da su yana binciken jajayen ƙwayoyin jini. A 1992 suka sa ƙwan kwaɗo ya ƙera wannan furotin, suka tsoma shi a ruwa, ya kumbura har ya fashe, wanda ba a sa wa ba yana nan lafiya. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2003.

Irinsu 13 ne a jikinmu, amma wanda ya shafi maganarmu shi ne akwaforin 2, na bututun ƙarshe da fitsari ke bi kafin ya bar ƙoda. Shi ba a bangon ƙwayar halitta, wato tantanin nan, yake zaune kullum ba. Ƙwayar halitta tana ajiye shi a cikinta, a jikin wasu 'yan jakunkuna na tantani, kamar ƙofofin da kafinta ya gama ya jingine a zaure. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna basofiresin cikin jini. Da ya isa ƙoda, sai jakunkunan nan su taso su manne da bangon, su zama ɗaya da shi, ƙofofin su hau wurinsu. Cikin 'yan mintoci ruwan da ya kama hanyar fita ya fara komawa jini. In mutum ya sha ya ƙoshi, sinadarin ya ragu, sai bangon ya lotsa ciki, ya sake ƙulle ƙofofin a jakunkuna har wani jiƙon.

Ka tuna azumin da muke yi a bazara muna yara a Birni, yadda fitsarin la'asar yake zuwa ɗan kaɗan, ja kamar shayi? Aikin jakunkunan nan ne. Duk shekara in na zo wannan darasi sai na ji tsigar jikina ta tashi, don mu da muka tashi a garin da ake lissafin ruwa da jarka mun san darajar irin wannan tattali.

To akwai mutanen da abin ba ya tafiya haka a jikinsu. Wani ƙwaƙwalwarsa ce ba ta aika sinadarin, wannan akwai maganin da ke maye gurbinsa, ana ce masa desmofiresin. Wani kuma saƙon na zuwa amma ƙoda ba ta amsawa, ko don gado ko don wasu magunguna, ƙofofin su yi zamansu a jaka. Babba mai wannan ciwo yana iya fitsarin fiye da lita 10 a rana. Ƙishirwarsa ita ke riƙe da ransa, in aka hana shi ruwa fitsarin ba zai tsaya ba, jikin ne zai bushe, gishirin jini ya hau, musamman ga yaro a wannan zafi.

Abin da nake roƙonka, ka samu bokiti mai awo ku tara fitsarinsa na kwana ɗaya cur, ku rubuta abin da ya sha. Ka kai wa likitan yara, ka nemi a duba kaurin fitsarin da gishirin jininsa. In za a gwada shi da ƙishirwa, a asibiti ake yi, likita na tsaye. Kafin nan a ajiye masa buta cike kusa da shimfiɗarsa, kuma kada a yi masa faɗa in ya jiƙa katifa.

Ka gaishe min da Inna, ka lallashe ta a hankali, na san tausayin jikanta ne ya sa ta faɗi haka. Ranar da kuka ga likita ka kira ni, ko da dare ne.

Naka,
Laminu