Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Accra Kan Tsofaffin Gine-ginen Jamestown

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, mun zo ne da kuka kan yadda ake gyaran tsofaffin gidajen Jamestown. Sau da yawa gyaran ne yake kashe ginin.

Unguwar nan ta girmi sarautar Accra a matsayin babban birni, wadda ta fara a 1877. Turawan Ingila sun gina sansanin James Fort a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Sansanin Ussher Fort kuwa 'yan Holan ne suka kafa shi a 1649. Waɗannan biyu suna da mai kula da su. Gidajen jama'a da ke kewaye su ne marayu.

Da dutse da bulo da farar ƙasa (wadda ake kira lime da Turanci) aka gina da yawa daga cikinsu. Irin wannan bango yana shan danshi, yana kuma fitar da shi. Da zarar an lafta masa filastar siminti, danshin ya rasa hanyar fita. Gishirin iskar teku ya taru a bayan filastar, yana cin bulo a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa bangon da bayan wuƙa, za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Idan akwai rodi a ciki, tsatsa ta kumbura shi, bango ya tsage.

Muna roƙon kada a ba da izinin gyara a unguwar sai da sharaɗi. A fara da rufi da indararo kafin ruwan Afrilu, domin filasta a ƙarƙashin rufi mai yoyo asarar kuɗi ce. A ɓamɓare simintin da hannu, ba da inji ba, a bar bango ya sha iska. Sannan a kwaɓa farar ƙasa awo 1 da yashi awo 3. Yashin kogi wankakke, ranka ya daɗe, ba na bakin teku ba, ko da shi ne a ƙofar gida. A shafa sau uku, kowace shafa kada ta wuce santimita 1, a riƙa yayyafa ruwa kada ta bushe da garaje ta tsattsage. Fentin mai ma a haramta shi.

Farar ƙasa tana cin lokaci, shi ya sa 'yan kwangila ke gudun ta. A ɗauki matasan unguwar a koya musu aikin, a kuma tura mai dubawa bayan shafar farko, kafin ta biyu ta rufe abin da ke ƙasa.

Naka,
Wasu magina da birkiloli na Sabon Zango, Accra