Wasiƙa zuwa Abijan kan kilabiyen da ke yankewa

Tawa, daren Lahadi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk ƴan gida da ke nan Ajame. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya shigo, ƙura ta turnuƙe gari, masu lambu kuma sun duƙufa dashen albasa. Na leƙa Inna ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce in gaya maka saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Na saurari muryar da ka aiko ta WhatsApp. Ka ce kilabiyen nan marar waya, wato allon haruffan bugawa, da ka saya wa kwamfutar shago ya ishe ka: kana tsakar shigar da lissafi sai ya tsaya cik, ko harafi ɗaya ya yi ta zuba a layi, can kuma ya dawo da kansa, har ka yi niyyar yar da shi ka sayi wani. Dakata tukuna, mutumina. Tunda na fara sana'ar buga wa mutane takardu an sha kawo mini irin wannan, kuma da wuya ciwon ya kasance a jikin kilabiyen. In ka sayi sabo ka ajiye shi inda tsohon yake, halin tsohon zai ɗauka. Shi ya sa na ce gara in rubuto, ka samu abin dubawa kana zaune gaban na'urar.

Fara da pil. Na san za ka ce sababbi ne, amma wane iri? Pil ɗin nan masu araha na kan tebur, waɗanda ake sa wa tocila da rediyo, ba sa jurewa, ballantana waɗanda suka yi watanni rana tana dukan su. Nemi alkalin, ka canza duka lokaci guda, kada ka haɗa tsoho da sabo. In masu caji kake sa wa, ka sani su bolt 1.2 suke bayarwa, alkalin kuwa 1.5, akwai kilabiyen da wannan ɗan bambancin ke sa shi gardama. Ka kuma haska cikin ramin pil ɗin. Mu nan ƙura ce abokiyar gabarmu, ku kuma laimar bakin teku, wadda ba ta barin ƙarfe lafiya. In ka ga farin gari ko tsatsa a kan ƴan ƙarafan, ɗiga ruwan lemun tsami a auduga ka goge, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar.

In pil ba shi da laifi, to ga inda na fi zargi. A hoton da ka turo na ga akwatin kwamfutar yana ƙasa, ƙarƙashin tebur na ƙarfe, ban kuma ga ɗan kilen nan da ake cusawa a kafar USB, wanda ya zo tare da kilabiyen, a gaba ba, ke nan a baya ka cusa shi. Wannan ɗan abin shi ne kunnen kwamfutar. Shi da kilabiyen suna magana ne ta iska a zangon gigahaz 2.4, da ƙaramar murya ƙwarai don kada pil ya ƙare da wuri. Mita 10 da ake rubutawa a kwali a fili ne, inda babu abin da ya tare. Ƙarfe kuwa tarewa yake, kai kuma ka sa tebur da jikin akwatin duka a tsakaninsu.

Ba nan kaɗai ba. Duba kafofin USB na bayan akwatin, za ka ga wasu cikinsu shuɗi ne. Waɗannan su ne USB 3.0, masu sauri. In aka haɗa musu diski na waje ko kilen ajiya mai sauri yana aiki, suna fitar da hayaniyar da ke faɗawa daidai cikin zangon 2.4 ɗin nan. Ba zancen masu gyara na bakin titi ba ne, kamfanin Intel da kansa ya fitar da takarda a kan haka a 2012. Ɗan kilenka da ke manne kusa da su ya zama kamar mutumin da ake yi wa raɗa a gindin injin niƙa. Harafin da ke ta zuba ma daga nan yake: saƙon ka danna ya isa, na ka ɗaga yatsa ya ɓace a hanya, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu kana danne. Ka lura, in yankewar ta fi yawa lokacin da kake kwafe lissafi zuwa diskin nan naka, to an kama ɓarawo.

Maganin ba shi da tsada. Cire ɗan kilen ka mayar da shi kafar gaba, baƙa, ba shuɗiya ba. Abin da ya fi ma, sayi ƴar wayar ƙari ta USB, mita ɗaya ta isa, ka jawo shi saman tebur ya zauna kamar taƙi ɗaya ko biyu daga kilabiyen, suna ganin juna. Yawancin waɗanda suka zo mini da wannan kuka, a nan zancensu ya ƙare. Kada ka sa shi a ƴan akwatunan nan masu raba kafa ɗaya zuwa huɗu, musamman marasa wutar kansu.

Akwatin Wi-Fi ma a wannan zangon yake magana, haka wayar da ka kunna tana raba intanet. In suna kan teburin, matsar da su gefe. A kasuwa irin taku, inda kowane shago da nasa, iskar a cunkushe take. In akwatinka yana da zangon gigahaz 5, mayar da wayoyinku can, ka rage wa kilabiyen abokan gasa.

Akwai kuma wata yankewar mai kama da wannan amma asalinta daban. Ka tuna da kyau: yana tsayawa ne kana cikin bugawa, ko sai ka bar shi ka sallami mai saye ka dawo? In na biyun ne, barci ne. Kilabiyen da kansa yana kwanciya don tattalin pil, danna ɗaya ka jira daƙiƙa biyu ya farka, wannan ba ciwo ba ne. Amma Windows ma tana kashe kafofin USB da sunan tattalin wuta, wani lokaci kuma ba ta tashe su daidai. Tunda taka da Faransanci take, danna tambarin Démarrer da maɓallin dama na linzami, ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka buɗe Contrôleurs de bus USB. Kowane layi da aka rubuta Concentrateur USB racine, buɗe shi ka nemi shafin Gestion de l'alimentation, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar. Ka sake kunna kwamfutar. Ni dai ban ga hikimar wannan tattali ga kwamfutar tebur da ke haɗe da wuta dare da rana ba.

Duk wannan na rubuta ne bisa zaton naka mai ɗan kile ne. In na Bluetooth ne, zancen pil da hayaniya da barci duk yana nan, sai ƙari biyu. Goge shi daga jerin na'urorin kwamfutar ka sake haɗa su daga farko. Sannan ka binciki wayar babban ɗanka. In ya taɓa haɗa kilabiyen da ita, duk sanda ya shigo shago da Bluetooth a kunne tana iya janye shi. Wasu kilabiyen ma suna da maɓallai 1, 2, 3 na sauya na'ura, hannu yana taɓa su ba a sani ba.

Roƙona ɗaya, kada ka yi su duka rana guda. Na san ka da gaggawa tun muna lakwal. Canza abu ɗaya, ka yi aiki da shi yini, ka ga ko ya yanke. In ka bi su kaf bai daina ba, ɗauki kilabiyen da ɗan kilensa ka gwada a kwamfutar maƙwabci. Ya yi lafiya a can, laifin taka ce, sai a duba direbobinta, wato manhajojin da ke sa ta fahimci na'urorin da aka haɗa mata. Ya yanke a can ma, to lallai ya gaji, na yarda ka saya. Ka riƙe ɗan kilen nan da kyau, don galibi kowanne da nasa aka haɗa shi tun daga masana'anta, na wani ba ya yi. Sai irin na Logitech masu alamar tauraro ruwan lemo, wanda kile ɗaya ke ɗaukar na'ura har 6. In sayen ya kama, duba haruffan layin sama su fara da AZERTY irin wanda hannunka ya saba, don kasuwa cike take da masu QWERTY. Ka haɗa da mai waya guda, mai araha, ka jefa a durowa saboda ranar lissafin ƙarshen wata.

Maganar filin nan na hanyar Ƙonni, mai shi ya ce sai bayan an cire albasa zai faɗi kuɗinsa na ƙarshe, zan sanar da kai. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida Alhaji mai gidanku da kyau. In wani zai taho gida kafin azumi, a ba shi goro ya riƙo wa Inna, ta ce na bara ya yi kyau.

Wassalam,
naka amini a Tawa