Sanarwa: Waiwayen Kanun Labaran 2 ga Afrilun 1972

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa na wannan rukuni, da fatan an wuni lafiya.

Hirarmu ta nishaɗi za ta gudana a nan ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 8:30 na dare, inda za mu waiwayi ranar Lahadi, 2 ga Afrilun 1972, wato ranar da Najeriya, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ta daina tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta Nijar, Kamaru da Chadi.

Duk wanda ke da tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, New Nigerian ko Daily Times ta wancan makon na 1972 ya turo hoton shafin farko kafin daren Juma'a. Wanda ba shi da ita ya tuntuɓi dattijon gidansu, musamman idan tsohon direba ne, ya naɗo muryarsa, amma kada ta wuce minti 2, domin mun san halin dattawanmu idan labari ya yi daɗi. Barkwancin nan na cewa manyan motoci ne aka umarta su fara sauyawa, ƙanana su biyo daga baya, mun riga mun sha shi, a nemo mana wani.

Allah Ya kai mu lafiya. Na gode.